Kofin Imrana

Abdulwahab ya yi shekara huɗu a jami'ar Yamai, ya yi ashirin da ɗaya yana duba injuna a kamfanin siminti na Malbaza, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. In aka tsokane shi da maganar, sai ya ce kunyar ɗan fari al'adar mutanen da ce, shi bai yarda da ita ba, bakinsa ne kawai bai saba ba. Matarsa Nasiba ba ta je jami'a ba, saboda haka ba ta da wani bayani. Haka ta tarar uwarta na yi, haka take yi. Su biyun "yaron nan" suke cewa, har lokacin da yaron ya fi ubansa tsawo.

Sunansa Imrana. Shi ya fara ganin wasan bindigar fenti a Yamai, shekarar da ya tafi karatu. Ƙungiya biyu ce ke shiga fili, kowa ya rufe fuska, a riƙa harbin juna da bindiga mai aiki da iska. Abin da take fitarwa ƙwaya ce kamar ɗan kanya, in ta sami mutum sai ta fashe ta bar masa tabon launi, wanda ya sami tabo kuma ya fita daga wasa. Imrana ya dawo hutu da maganar a bakinsa, safe da yamma.

"A ƙasar da ake fama da bindigar gaske," in ji ubansa, "kai ta wasa za ka kawo muna?"

"Baba, wagga in ta same ka, wanka kaɗai za ka yi."

Abdulwahab ya yi dariya, dariyar kuwa ta ci masa kuɗin bindiga shida. Suka yi odarsu daga Legas. Imrana na kan hanyar dawowa hutu na gaba taksin da ya shiga ya ƙwace, tsakanin Konni da Malbaza. Bindigogin sun iso kwana goma sha ɗaya bayan jana'iza, cikin kwali mai ɗauke da sunansa.

Da wani uban ne, da ya mayar da su. Abdulwahab ajiye aiki ya yi, ya karɓi haƙƙinsa, ya ƙaro bindiga goma. Ya yi wata uku yana kai takardu wurin jandarma har suka gamsu cewa fenti ne ba wani abu ba. Bayan gidansa, a bakin gari, akwai wani tsohon rami mai faɗi da aka daina haƙar dutse a ciki. Nan ya jera tsofaffin tayoyin kamyo, manyan motocin kaya, da ganguna da buhunan yashi, ya sa aka ƙera kofi, aka rubuta suna a jiki. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama girbi, ƙungiyoyi ke zuwa: ma'aikatan Malbaza, direbobin Dogarawa, ƴan kasuwar Konni, da masu lambu na Badaguishiri, waɗanda suka fi kowa iya rarrafe.

Mushe Bashir, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, mutum ne mai muryar da ba ta buƙatar lasifika amma tana sonta, shi ke riƙe makirho. Da magana ɗaya yake buɗewa kowace shekara: "Jama'a, barkanku da zuwa gasar Kofin Imrana Abdulwahab!" Daga nan kuma sai ya yi ta maimaitawa har faɗuwar rana.

Nasiba ba ta taɓa zuwa filin ba. Ranar gasa takan shimfiɗa tabarma a gindin katangar baya, ta ɗauko faifan wake tana tsincewa, tana saurare. Shekarar farko, da Abdulwahab ya shigo da fenti har a kunne, ba ta tambaye shi wa ya ci ba. Cewa ta yi:

"Sau goma sha huɗu."

Bai ce sau goma sha huɗun me ba. Ya sani. Tun da aka yi sadakar arba'in mutane suka bar ambaton yaron a gabansu, don tausayi, su kuma ba sa iya ambatonsa, don kunya. Ya zamana a duk Malbaza babu inda sunan ke fita sai ta wannan lasifikar, rana ɗaya a shekara.

Matsalar wasan ita ce abincinsa. Ƙwallon ƙafa guda na iya ɗaukar unguwa wata shida. Kokowa ba ta cin komai sai ƙasa da gumi. Bindigar fenti kuwa duk lokacin da ta ce "tas", wani abu da aka sayo a Legas, aka biya masa mota da duwan, wato kwastan, ya fashe ke nan har abada. Ƙungiyoyi na biyan kuɗin shiga, wanda ba ya sayen ƙwayar da suke harbawa kafin la'asar. Ƴan kallo kuwa, Allah ya yi ramin da baki mai tudu ta kowane gefe, kowa ya zo ya zauna ya kalla kyauta, har da masu gyara wa alƙalin wasa. Abin da ke riƙe gasar shi ne Asabar da Lahadi na sauran shekara, lokacin da samari da ƙananan ma'aikata ke zuwa haya, su sayi ƙwaya ɗari, su harbi abokansu, su tafi. Da wannan ake sayen kwalayen gaba. Da bai isa ba a shekara ta biyu, motar Abdulwahab aka sayar ta cika. A ta uku, lambun albasar da ya gada.

A shekara ta huɗu babu sauran abin da zai cika, sai ya tafi neman mai ɗaukar nauyi. Ya rubuta dosiye, takardar neman tallafi, mai shafi goma sha biyu da faransanci mai kyau, da hotuna, da bayanin yadda ake yi a ƙasashen da wasan ya zauna: kamfani ya ba da ƙwaya da kayan aiki, a rataya sunansa a fili, kowa ya amfana. Ya kai buro-buro, ofis bayan ofis. An karɓa da hannu biyu, an ba shi ruwan sanyi, an yaba faransancin.

Mushe Bashir ne ya ce masa ya bar buro ya je kasuwa. A Konni akwai Alhaji Alamin, mai sayar da fentin gini da kwano da siminti, mutum mai hannu sake, wanda babu filin kokowa daga nan zuwa Illela da ba a san shi ba.

Alhaji ya saurare shi a ƙofar shago, yana zaune kan bokitin fenti. Dosiyen ya riƙe a hannu yana fifita da shi.

"Injiniya, tsaya in gane. Fenti ake harbi?"

"Wani irin fenti ne, Alhaji. Ba na gini ba."

"To ai fenti fenti ne. Wanga wasa namu ne ashe, ba mu sani ba! Mutum nawa ka zuwa kallo?"

"Bara sun kai dubu."

"Na ɗauka."

Abdulwahab ya fiddo takardar yarjejeniya, kwafi biyu. Ya fara bayani cewa abin da gasar ke buƙata kwali arba'in ne na ƙwaya, da gyaran injin cika iska, da sabbin abin rufe fuska. Alhaji ya dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda karatu ya taɓa.

"Takarda tsakanina da kai? Je ka tambaya Konni duka, in akwai wanda na ce ma na ɗauka kuma ya kwana da kunya. Miliyan guda na sa ma wasanga. Ran gasa za ka gani da idonka."

Abdulwahab ya ji miliyan guda, ya ji "ran gasa", ya haɗa su ya fahimci abin da yake so ya fahimta. Ya koma Malbaza a taksi yana lissafin kwalaye.

Yana da kwali ashirin a ɗaki, abincin Asabar da Lahadi na shekara mai zuwa gaba ɗaya. Ya yanke shawarar fitar da su duka ranar gasa. Tunda ga mai ɗaukar nauyi, dole ya ga wasa na gaske, ba irin na bara ba da aka riƙa ƙidaya wa kowane ɗan wasa ƙwaya kamar maganin asibiti. Nasiba ta gan shi yana jido su tsakar gida.

"Malam, duka?"

"Wasu na tahe. Arba'in."

"Ka gan su?"

"Alhaji Alamin ne fa. Ba ya magana biyu."

"Ban ce yana yi ba," in ji ta. "Mushe Bashir dai shi ne da lasifika, ko?"

"Shi ne."

Ba ta ƙara tambaya ba.

Ranar gasa, bayan azahar, bakin ramin ya cika har babu wurin tsugunawa, don labari ya kai ƙauyuka cewa Alhaji zai zo. An rataya kyalle mai sunan shagonsa daga wannan ice zuwa wancan. Kofin na kan tebur, an goge shi da toka yana ƙyalli. Mushe Bashir ya busa makirho sau biyu, ya gyara murya, ya ce:

"Jama'a, barkanku da..."

Sai ga ƙarar odar mota. Motar Alhaji ce, bayanta akori-kura ɗauke da wani abu lulluɓe da tampol, bayanta kuma makaɗa. Wani siririn mutum mai jar hula ya diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, ya nufi tebur, ya zare makirho daga hannun Mushe Bashir cikin ladabi da gwaninta. Sanƙiran Alhaji ne, wanda ke shelar kyautarsa a filayen kokowa. Ba wanda ya hana shi. Babban mutum ba ya zuwa fili ba tare da bakinsa ba, kuma ba a raba baki da lasifika.

"Ga mai fenti ya iso! Alamin na Konni, mai shafa wa gari haske! Wanda bai shafa naka ba, gidansa kango ne!"

Mushe Bashir ya dubi Abdulwahab. Abdulwahab ya yi masa alama da hannu: bari, zai gaji. Mutumin da ke shela tun yana ɗan shekara goma sha biyu ake jira ya gaji.

Aka fara wasa, Dogarawa da Konni. Wani direba ya leƙo daga bayan taya ya sami ɗan Konni a tsakiyar goshi. Alhaji ya miƙe tsaye don daɗi, ya sa hannu a aljihu.

"Alhaji ya ba mai harbin goshi jika biyar!" in ji sanƙira. "Ya ce duk wanda ya ƙara irinta, akwai irinta!"

Nan wasan ya canza. Shekara uku Abdulwahab na koya wa yaran nan haƙuri: ka ɓuya, ka auna, ka harba ɗaya. Cikin minti guda suka mance. Kowa ya ɗora yatsa bai ɗaga ba. Ƙwaya ta riƙa zuba kamar ƙanƙara, a kan tayoyi, a kan ganguna, a kan wata akuya da ta shigo bisa kuskure ta fita shuɗiya. Jama'a na ihu, makaɗa na kiɗa, Alhaji na zaro kuɗi, sanƙira na shela. Ba a taɓa yin gasa mai daɗin wannan ba, kowa ya faɗa. Abdulwahab na tsaye wajen kwalaye yana yanke musu baki ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar sha uku sun tafi.

Da aka tsaya salla ya sami sanƙiran yana shan ruwa.

"Don Allah, in ka koma, ka faɗi sunan gasar. Ga shi nan jikin kofi."

"Wane ne shi? Ya ba da wani abu?"

"Ɗana ne. Ya rasu."

"Allahu akbar. Allah shi jiƙan shi. Mi ne ne sunan?"

Abdulwahab ya buɗe baki, ya nuna kofin da yatsa. Sanƙira ya dubi rubutun bokon kamar yadda ake duban sawun kaji, ya ce in sha Allahu, sannan aka kira shi don Alhaji zai ba makaɗa kyauta. Mushe Bashir kuwa an aike shi tsakiyar fili yana raba gardama, da usur a baki.

Masu lambun Badaguishiri suka ci wasan ƙarshe, da rarrafe, a kan ma'aikatan Malbaza. Kwali na ashirin ya ƙare ana saura mutum biyu a fili, sai da aka tsinto ƙwayoyin da ba su fashe ba daga ƙasa aka ƙarasa. Sannan aka yaye tampol. Sabon moto ne, ja, da ledarsa. Kyaftin ɗin Badaguishiri ya faɗi ƙasa yana kuka. Sauran ƴan ƙungiyar kowa turmin shadda da ambulan. Waɗanda aka kayar ma ba a bar su hannu sake ba. Alhaji ya ba alƙalin wasa, ya ba mai ruwa, ya ba mai akuya.

Sannan ya taho wurin Abdulwahab, fuskarsa cike da farin ciki na gaskiya, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Injiniya, ka gani? Miliyan na ce, wallahi na wuce. Ban san wasanga na da daɗi haka ba."

"Alhaji, mun gode. Allah shi ƙara arziki." Ya rage murya. "Sai maganar kwalayen."

"Waɗanne kwalaye?"

"Na ƙwaya. Arba'in ɗin da munka yi magana. Abin da za a yi wasa da shi gaba."

Alhaji ya shiga neman maganar a kansa, da niyya mai kyau. A duniyarsa, mai ɗaukar nauyin wasa shi ne wanda ke tsayawa gaban jama'a ya ba gwani kyauta a ji. Ba a taɓa cewa ya sayi ƙasar da ƴan kokowa za su faɗi a kai ba. Can sai fuskarsa ta washe, ya ga inda ya yi kuskure.

"Subhanallahi, na mance da mai gida! Kai, zo nan!"

Kafin Abdulwahab ya ce wani abu, lasifika ta ɗauka:

"Alhaji bai mance da mai fili ba! Ya ba Injiniya jika ashirin da babbar riga! Injiniya na godiya!"

Mutum dubu suka tafa. Wanda aka yi wa kyauta a gaban mutum dubu ba ya cewa ba ita yake nufi ba. Abdulwahab ya karɓi rigar. Mai kyau ce, da aiki a wuya.

"Baɗi ma ina nan," in ji Alhaji yana shiga mota. "Moto biyu!"

Jama'a suka bi jan moton zuwa cikin gari, da kiɗa. Kyaftin ɗin na buƙatar hannu biyu don riƙe kan moto, saboda haka ya bar kofin a kan tebur, ya ce zai aiko a ɗauka. Mushe Bashir ya tafi raka baƙi tasha. Ramin ya koma shuɗi da rawaya da ruwan hoda, kamar an yi bikin rini, ga kwalaye ashirin a kife. Rana ta kusa faɗuwa. Mai janareta na naɗe waya.

"Injiniya, in kashe?"

"Dakata kaɗan."

Makirho na kan tebur kusa da kofin. Abdulwahab ya ɗauka. Daga inda yake yana hango katangar bayan gidansa, da kan bishiyar dogon yaro da ke inuwantar da tabarmar. Tun azahar take zaune a wurin. Ya san faifan waken ya daɗe da ƙarewa, ya san ta sake zuba shi ta fara daga farko.

Ya busa makirho, ya ji numfashinsa ya zagaya ramin.

"Jama'a," ya ce wa tayoyi da ganguna. "Wannan ita ce gasar Kofin..."

Harafi shida ne. Shi ya zaɓe su da kansa ranar suna, ya raɗa wa liman a kunne ta bakin ƙanensa. Ya rubuta su a takardun lakwal, da na asibiti, da shafi goma sha biyu na dosiye. Mutum ne da ya yi jami'a, wanda bai yarda da al'adar mutanen da ba. Ya tsaya da baki buɗe har mai janareta ya ɗago kai.

"...kofin yaron nan," in ji lasifika. "Mun gode."

Ya ajiye. Aka kashe injin.

Ya shiga gida da kofin a hannu ɗaya, rigar a ɗaya. Nasiba na kan tabarma, faifan a cinyarta.

"Na ji muryarka," ta ce.

"Ban iya ba."

"Na sani."

Ya zauna a bakin tabarmar. Daga cikin gari ana jin kiɗa da ƙarar sabon moto, ana ta murɗa shi ba a tafiya.

"Ko sau guda ba su faɗa ba," in ji ta. Ba ƙorafi take ba, lissafin shekara take ba shi, kamar yadda ta saba. "Na ce ko iska ce ta kai shi wani gefe."

"Ba iska ba ce."

"To. Baɗi Mushe Bashir ya riƙe abin da kyau. Kar ya ba kowa."

Abdulwahab ya dubi rigar da ke hannunsa. Ya yi niyyar ya ce mata Alhaji ya yi alkawarin moto biyu, ya ga ba zai iya wannan ba ma.

"Babu ƙwaya, Nasiba. Ko ɗaya. Babu abin sayen wata."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ajiye faifan, ta miƙo hannu, ya ba ta kofin. Wani ɗigon fenti shuɗi ya faɗo a kan rubutun ya bushe. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san inda sunan ya fara da inda ya ƙare. Ta lashi bakin zanenta ta shiga gogewa, harafi bayan harafi, a hankali, don mutanen Badaguishiri sun ce gobe za su aiko a ɗauka.